Ƙaramar Jakar da Na Saya Saboda Inna

Shekarar da na samu aikin akawu a birnin Kano, bayan kowane mako biyu nakan shiga motar Bunkure ranar Juma'a in je gida, in dawo Lahadi da la'asar. Jakata Gana-mas-go ce, irin wadda za ta haɗiye ɗan akuya ba a ji kukansa ba. In tafi da ita kusan wayam, daga sabulu da sukari sai kayan sawa, in dawo tana nishi da shinkafa 'yar gida da albasa da busasshen tumatir.

Inna ce ke cika ta. Ni ɗan fari ne, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Tun ina yaro "kai" ne sunana a bakinta. In na gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu. Amma ranar Lahadi sai ta ja jakar nan zuwa ɗakinta, ta daɗe a ciki tana danna mata kaya har zif ya ƙi rufuwa.

Da hannun jakar ya tsinke, na yi wa ƙanwata ƙorafi, wadda ke aure a ƙauyen gaba da namu. Ta harare ni.

"Yaya, jaka kake tausayi? Bana ruwan kanal bai kai gonar Inna ba, shinkafar a tsaye ta ƙone. Abin da take zuba maka, na bakinta ne."

Kunya ta rufe ni, tsoro ya biyo baya. Damina da saura, ni kuma ina kwashe rumbun tsohuwa ina kai wa abokan aiki suna sa albarka. Ba zan iya ce mata ta bari ba, ba a mayar wa uwa da kyautarta. Dabara ɗaya ta zo mini: in sayi jakar da ba ta da ciki.

Na shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari. Albashin ƙaramin akawu ba ya sayen jaka biyu a shekara, don haka dole ta jure jifan kwandasta da ruwan kwandunan tumatir a but ɗin mota. Na ja ɗinki, na gwada zif na ƙarfe, na ƙwanƙwasa gindi. Amma a zuci awo nake yi: wannan kwano shida za ta ci, waccan huɗu. In ta yi girma, aikin banza. In ta cika ƙanƙanta, Inna za ta gane. Sau uku ina zaga layin, gumi na keto mini.

Na tsaya a kan wata ƙarama baƙa mai kaurin yadi.

"Alhaji, ɗauki babbar mana, kuɗinsu ɗaya," in ji mai jaka.

"Ƙaramar nake so."

"Ikon Allah! Yau na ga mai gudun gyara."

Daga Kano har Bunkure ina riƙe da ita a cinya ina haddar ƙarya: wai kwandastoci sun ƙara kuɗin kaya. Da na shiga gida Inna ta dubi jakar sau ɗaya, ta ci gaba da tankaɗe. Kwana biyun nan abinci bai yi mini daɗi ba.

Ranar Lahadi ta ɗauke ta zuwa ɗaki. Ko takalmi ban gama sawa ba ta fito, ta ajiye ta a gabana, zif a rufe lafiya lau. Ba ta koma ba. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ban saba gani ba.

"Kai, wa ya gaya maka?"

Na fara zancen kwandastoci. Ta bari na kai ƙarshe.

"To. Allah ya kiyaye hanya."

Ta juya. A mota na gane abin da na yi. Na tsare mata shinkafa, amma matar da ba ta da wata hanyar nuna mini ƙauna sai wannan, na rage mata ita zuwa kwano biyu, na kuma sanar da ita na san ba ta da shi.

Jakar ta daɗe a hannuna, ko zare bai taɓa tsinkewa ba. Ban taɓa son ta ba.