Hannun Ilu da Ƙoƙi-ƙoƙi

Jama'a, abin da aka yi caca da shi a labarin nan ba shi da yawa in za a ƙirga: hannu biyu ne, yatsu goma, na wani bawan Allah da ake kira Ilu. Sai dai da hannayen nan yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa, da su yake aika wa tsohuwarsa abin cefane a Maraɗi, ni ma kuma in za a faɗi gaskiya rabin abincina daga cikinsu yake fitowa. Ni ɗan kasuwa ne, ban iya ƙarin gishiri ba, in mota ta taɓa hatsari ina gaya wa mai saye ta taɓa hatsari. To wallahi tallahi abin da zan ba ku a kan idona ya faru, da rana tsaka, a garin Greensboro na ƙasar Amurka, 'yan shekarun baya.

Sana'ata ita ce in sayi motocin da suka yi hatsari a okshan, wato gwanjo, a gyara, in loda a kwantena in tura Kwatano. Garejina yana bayan unguwar Glenwood, kuma mutum biyu ke min aiki: Ilu yana bugun jikin mota, Bitrus mutumin Jos yana fenti. Ilu in ka kawo masa ƙofar da ta lotse kamar gwangwanin da aka taka, shafa ta kawai zai yi da tafin hannu ya ce ga inda ƙarfen ya ji ciwo, kafin la'asar sai ka rantse daga kamfani ta fito.

Ɗan kokawa ne a gida kafin ya zo, jikin kuma bai manta ba, sai ya samo wata makarantar kunfu a wajen Elm Street, ta wani tsoho ɗan Caina, ya fara zuwa ranar Asabar. Shi ya bayyana mana cewa faɗan nasu daga dabbobi aka kwaikwayo shi, akwai salon damisa mai yakushi, akwai na maciji mai sara a ido da maƙogwaro, akwai na zalɓe mai tsayuwa da ƙafa ɗaya, har da na biri. Bitrus ya ce, "To kai wanne ka ɗauka, na jaki?" Ilu ya ce ƙoƙi-ƙoƙi. Kai, ranar mun yi dariya har Bitrus ya kusa kifar da fenti. Ƙoƙi-ƙoƙi fa, ɗan koren ƙwaron nan mai naɗe hannu kamar yana roƙon Allah, wanda muna yara muke tsokana da tsinke mu ce ya nuna mana dambe! Ilu bai yi dariya ba. Ya lanƙwasa wuyan hannunsa ƙasa, ya haɗe yatsu kamar ƙugiya, ya ce, "Patron, kawo hannunka." Haka yake kirana, irin ta mutanen Nijar. Na miƙa, ban ga abin da ya faru ba, sai ji na yi ina durƙushe, gwiwar hannuna tana neman barin wurinta. Na ce na yarda, sake ni, ga motoci suna jiranmu.

Inda abin ya fara ɓaci shi ne tsohon ya ba su labari cewa wanda ya ƙirƙiro salon, ƙwaron ya kama ya riƙa taɓa shi da kara yana kallon yadda yake karewa da yadda yake cafka. Ilu ya ce to shi ma wajen mai abin zai koya, ya gaji da ɗan aike. A nan ƙasar shagunan kayan lambu suna sayar da ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi, wani dunƙule ne kamar busasshen kumfa, masu furanni irin mutanen unguwar Sedgefield sai su rataya a lambu, in ya ƙyanƙyashe ya cinye musu ƙwari. A waje ake barinsa, sanyi ya riƙe shi har gari ya yi ɗumi. Ilu ya sayo da tsakiyar hunturu, ya zuba a wata ƙatuwar kwalba ya ajiye a ofishina kusa da hita. Zafi ya yaudari ƙwan. Wata safiya na buɗe ƙofa na tarar kwalbar ta cika, ƙanana kamar sauro, ba sa ƙirguwa, alhali a lokacin ko ƙuda babu a garin.

Na ce, "Ilu, me za ka ba su?" Ya ce, "Kar ka damu, Patron, abincinsu na ciki." Na ɗauka wasa ne, ashe junansu yake nufi.

Da hutun rana zai haɗa shayinsa ya ja kujera ya zauna gaban kwalbar, yana kallon babba ya cafke ƙarami ya fara cinsa ta kai, ƙafafun na ta harbawa, shi kuma Ilu yana gwada cafkar da hannunsa a iska. Da suka ragu suka girma sai ya raba su kwalba-kwalba, ya bar su da yunwa, sannan ya haɗa biyu-biyu. Daga nan ya fara ɗaukar filaya yana datse wa wannan hannu ɗaya don ya ga yadda mai hannu ɗaya ke faɗa, ya shafe wa wancan ido da fentin Bitrus don ya ga yadda makaho ke kamawa. Bitrus ya ce, "Oga, wannan abin ba kyau, ko a coci aka ji sai an yi masa addu'a." Na yi wa Ilu magana cewa halittar Allah ce, ya ce ƙwaro ne, kuma aikinsa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, hannun ya ƙara sauri, to ni mai gareji ne ba limami ba, na kwashe kwalaben daga ofishina na ce ya kai su kan bencinsa.

Kafin zafi ya kankama saura guda ɗaya, mace, ta cinye kowa, ta kai tsawon yatsana na tsakiya har da ƙari. Ita bai taɓa datse mata komai ba. Malama yake ce mata. Da safe sai ya gaishe ta kafin ya gaishe ni.

A tsakanin nan tsohon ya kore shi daga makaranta, wai ya kama wani ɗalibi a wuya an ce ya saki bai saki ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga tsohon da kansa a gareji, ya kawo motarsa a gyara masa bamba, ina jin dai hanya ya nema ya duba yaronsa. Ya tsaya gaban bencin ya daɗe yana kallon kwalaben da babu kowa a ciki, ya kalli Malama, sannan ya gaya min da Turancinsa mai tsinkewa, ban riƙe kalma-kalma ba, amma ma'anar ita ce mutumin da ya fara salon nan ƙwaro ɗaya ya kalla, da ya gama ya mayar da shi kan ganye. Ya ce su aro suke yi wajen dabba, shi wannan ƙwace yake yi. Ya shiga motarsa da bambarta a karye ya tafi, bai sake dawowa ba.

Ranar da abin ya faru cikin watan Agusta ne, bayan azahar, irin zafin nan mai ɗanko da riga ke manne wa mutum. Ina ofis ina waya da wani mai saye a Kwatano sai na ji ƙara, ba ihun faɗa ba, irin kukan akuya in an danne ta. Na fito da gudu. Ashe Ilu ne ya matsa wa Bitrus ya kawo masa naushi na gwaji, Bitrus don a rabu da shi ya kawo. Na tarar Ilu ya ƙugiye masa hannu, wuyan hannun ya juye inda Allah bai halicce shi ya juya ba, da ɗaya hannun kuma Ilu ya ƙugiye masa ƙeya ya jawo shi jikinsa, bakinsa kuma yana kan wuyan Bitrus, jini na bin kwalar riga.

Na daka masa tsawa. Wallahi jama'a kafaɗarsa ba ta motsa ba, kan ne kawai ya juyo, a hankali, ya yi ta juyowa har ya wuce inda kan ɗan Adam ke tsayawa, ya dube ni da ido ba ƙiftawa. Ya saki Bitrus ya faɗi. Ilu ya tsaya hannu a naɗe a ƙirji yana ɗan lilo gaba da baya kamar ganye a iska. Sai idona ya kai kan benci, Malama tana cikin kwalba, tsayuwarsu ɗaya, lilonsu ɗaya. Na tsaya na lura, don ni mutum ne mai duba kaya kafin in yanke magana. Ita ke fara motsi. Ta karkata kai, sannan ya karkata. Ta ɗaga hannun hagu ta lashe, ya ɗaga nasa ya kai baki. Kuma bayansa ya ba ta, ba ya ganinta.

Na ce, "Ilu, kai da ka ce koyo kake, ashe bawa ka zama. Ga ta can ita ke juya ka."

Maganar ta shige shi, don mutum ne mai girman kai. Ya girgiza kamar wanda aka tasa daga barci, ya ce, "Ni? Ƙwaro?" Ya buɗe kwalbar ya danne ta a kan benci da babban yatsa, ya ɗauki filaya yana dariya, ya ce, "Duba, Patron, ka ga wa ke da wani." Ƙas, ya datse mata hannun dama. Ƙas, ya datse na hagu. Ko zillewa ba ta yi ba, kallonsa kawai take. Sai filayar ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Wuyan hannayen duka biyu sun lanƙwashe ƙasa, yatsun sun haɗe, na kama da ƙarfina ina ɓamɓarewa kamar ina jan ƙarfen da aka yi wa walda. Ya ce, "Patron, buɗe min, wasa nake," yana maimaitawa har motar asibiti ta zo ta kwashe su shi da Bitrus. Da na dawo na share bencin na ga guntayen hannayen nan biyu, ita kuwa ban gan ta ba, kuma ban neme ta ba.

Likitoci sun ɗauki hoton ƙashi da na jijiya da na ƙwaƙwalwa, sun ce ba su ga komai ba. An yi ruƙiyya, an aiko da rubutu daga Maraɗi, hannu yana nan yadda yake. Matarsa Hajara ita ke ba shi abinci a baki, ita ke masa alwala, ta kama aikin share ofisoshi a cikin gari don su ci.

Bara na je gaishe shi. Yana zaune a barandar gidansu a Glenwood, ya rame, hannu a naɗe a ƙirji. Muna gaisawa Hajara ta shiga ciki kawo min ruwa, sai wani ƙuda ya sauka a hannun rigata. Ban ga motsi ba, iska kawai na ji, sai ga ƙudan tsakanin yatsun da muke cewa sun mutu, yana ta fiffika. Hannun ya koma ƙirji ya naɗe. Ilu ya dube ni hawaye na zuba, ya ce, "Ba ni ba ne, Patron. Don Allah kar ka gaya wa Hajara, da yara take barina a gida." Ban sha ruwan ba. Kuma na gaya mata, a bakin mota, don ni ba na sayar da kaya in ɓoye aibinsa. Tun daga ranar in za ta fita sai ta kai yaran maƙwabta ta kulle shi ta waje.

Shawarata gare ku, duk abin da za ku koya wajen halittar Allah, ku kalla daga nesa ku bar ta ta wuce, in kuma kun ga yaro yana wasa da ƙwaro da tsinke ku karɓe tsinken. Ni dai na samu wani mai bugun jiki ɗan Meziko cikin wata guda, kwantenata ko ɗaya ba ta makara ba. Bitrus ya warke da tabon haƙori a wuya, hannunsa ba ya iya riƙe bindigar fenti, yanzu gadi yake yi. Ilu kuwa yana nan a bayan ƙofa, da hannu biyu lafiyayyu masu sauri, ko ɗaya ba nasa ba.