Haƙoran Yayana

Ni maƙerin farfaru ne a Nguru. Zobe, awarwaro, cokali, tukunyar alminiyam, duk na zuba na goge. Boko aji uku na yi. Abin da hannuna ya sani ya sani, kuma a da ba na son a gaya mini yadda ake taɓa ƙarfe.

Yayana a Gashuwa yake. Shekara goma sha huɗu shi ke jan baƙi a tafsirin azumi a masallacin unguwarsu, yana karanto aya malam yana fassarawa. Wata damina akori-kura ta kife da su a hanyar Jakusko, haƙoransa huɗu na gaba suka zube. Ya warke, amma karatu ya lalace. In ya zo kan sinun sai iska ta fita fuu. Malamin ya ce masa, cikin ladabi dai, ya nemi gyara kafin azumi.

Akwai wani mai haɗa haƙori a Gashuwa. Ya auna bakin Yaya ya aika Kano, aka zubo masa firam na wani ƙarfe wai shi taitaniyam, mai ƙugiyoyi biyu da za su kama turame, haƙoran roba a jere a gaba. Ba nauyi, ba ya tsatsa. Sai dai an yi gaggawa, ba a gama gogewa ba, bayansa toka-toka da kaushi kamar harshen kyanwa. Injin gogewar mutumin kuma ya ƙone. Saura kwana tara a ga wata. Yaya ya ce ai yana da ƙane maƙeri.

Mutumin ya kira ni a waya. Ya ce wannan ƙarfe in an zuba shi ɓawo yake yi mai tauri, sai an cire ɓawon a hankali, ana yi ana tsoma shi a ruwa, kada a bari ya yi zafi, kuma gefen da harshe ke taɓawa ya fi gaban muhimmanci. Na ce masa tun ba a haife shi ba nake gaban zuga-zugi. Ya ce to Allah ya taimaka.

Da aka kawo mini firam ɗin, na ɗora shi a kan injin washi na danna, kamar yadda nake wa gindin tukunya. Tartsatsi fari fat, ban taɓa ganin irinsa ba. Ɓawon bai tafi ba. Sai na yi abin da mahaifinmu ya koya mini a kan azurfa in ta yi duhu, a ɗana mata wuta a jefa cikin ruwan tsamiya da alif. Na lulluɓe haƙoran robar da jiƙaƙƙen tsumma, na hura wa ƙugiyoyin wuta. Suka koma shuɗi. A nan ya kamata in tsaya. Na bi da samfefa har shuɗin ya ɓace, na goge gaban yana ɗaukar ido. Ciki kuwa na ɗan shafa kawai. Mu a sana'armu inda ido ke gani ake gogewa. Wa ya taɓa leƙa cikin awarwaro?

Da kaina na kai masa. Ya saka, ya motsa baki, na ga ya ɗan runtse ido. Na tambaye shi ko akwai matsala.

Ya ce, "Babu. Hannunka hannun Baba ne. Allah ya yi albarka."

Sauran labarin daga bakin matarsa na ji, bayan salla. Tun ranar farko gefen ya yanka masa harshe. Ya hana a gaya mini. Da sahur ba ya iya cin tuwo, sai kunu. Ranar shida ga wata, yana tsakiyar karatu a lasifika, ƙugiya ɗaya ta karye, haƙoran suka zamo. Ya tare da hannu, jini a tafinsa, jama'a na kallo. Wani alaramma ya karɓi Alƙur'anin ya ƙarasa. Har yau shi ke ja.

Na je wajen mai haɗa haƙorin ina jiran ya zage ni. Bai zaga ba. Ya ɗauko ƙugiyar, ya latsa da yatsa, ta ƙara ɓallewa kamar busasshiyar taliya. Ya ce wuta ke sa wannan ƙarfe ya yi gautsi. Ya nuna mini yadda ake yi da ɗan faifan roba, a hankali, ana shafawa da ɗan yatsa ido a rufe. Wuni biyu ake yi. Ni ko awa ɗaya ban cika ba.

An zubo wa Yaya wani bayan wata uku, ya zauna daram. Amma wurin zama a gefen malam ba ya jiran mutum. Da mutanen unguwa suka tambaye shi abin da ya faru, cewa ya yi shi ya cije ƙwallon dabino.

Bara da azumi, dab da shan ruwa, na samu na ce masa, "Yaya, ni na ɓata maka."

Ya ce, "Na sani tun ranar da ka kawo. Sha ruwanka, rana ta faɗi."

Na sha. Ya tashi ya tafi masallaci, a sahu na uku yake zama yanzu. Ni ban iya binsa ba.