Tulu Uku na Namgedde

A ƙauyensu na gindin dutse, tafiyar kwana biyu daga birnin Kartaj, babu wanda bai san Namgedde mai matsar zaitun ba. Ba ta da yawan magana, amma ba ta mantuwa. Rumawa masu mulkin ƙasar suna da kalma guda, eksakto, da ita suke kiran mai karɓar haraji, da ita kuma suke kiran mai tsayawa kan leburori da bulala. Ita takan ce ai duk kanwar ja ce, mutum ne da zai tatse ka har sai jini ya fito.

Ta san abin da take faɗa. A shekarar fari, Rufinus, eksakton gari, ya zo karɓar man zaitun, ya tarar na mijinta Barik ya gaza da tulu uku. Ya sa aka ɗaure Barik a jikin itace aka yi ta tsula masa bulala, shi kuwa yana zaune yana cin ɓaure. Barik bai ga girbi na gaba ba. Namgedde ta binne shi, ta koma kan aikinta, zuciyarta na tafasa har shekara tara.

Abin da Rufinus ya raina shi ne dokar iyayen gidansa Rumawa, cewa duk abin da eksakto ya kasa tarawa, daga dukiyarsa ake cirewa. Da majalisar gari ta sake naɗa shi, Namgedde ta bi gida-gida tana zuga mutane su gudu da kayansu. Kafin ya iso, mutane sun kwashe mai da alkama da awaki sun haye dutse wurin dangi. Ƙauyuka huɗu suka bi sahu. Rufinus ya tarar da kango, ko kaza babu. Aka sayar da gonakinsa, aka sayar da gidansa, kuɗin bai cika ba, aka tura shi fasa dutsen hanya.

Mutane suka ce ta huce haka nan. Ina! Kullum sai ta ɗauki gurasarta da zaitun ta zauna a inuwa daura da shi, tana ƙirga kwandunan dutsen da ya kai. Ran nan ya ɗago, gumi na zuba, ya ce, "Iya, wai me na tare miki?"

Ashe bai ma gane ta ba. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta tofar da ƙwallon zaitun, ta yafito eksakton da ke tsaye kan masu fasa dutsen da bulala.

"Ranka ya daɗe, sake ƙirgawa. Na tsohon nan ya gaza da kwando uku."