Wuƙar da Ba Ta Faɗi a Gona Ba

Duk wanda ya san Tomeji Kuramoto a tsibirinmu ya san shi da hannun dama a aljihu. Ba sanyi yake ji ba, ba kuma girman kai ba ne. Wuƙarsa yake taɓawa don ya ji tana nan.

'Yar ƙarama ce mai naɗewa, irin wadda kowane ɗan firamare na zamaninmu yake feƙe fensir da ita. Ƙotarta tagulla ce da aka lanƙwasa biyu, ita ce kuma kubenta. Ba ta da makulli. Idan ka buɗe ta, akwai ɗan wutsiyan ƙarfe a baya da za ka danne da babban yatsa. Muddin yatsan na kai, wuƙa na tsaye. Ka sassauta, ta rufe maka a kan 'yan yatsu. Tomeji yakan ce shi ya sa yake sonta, ba ta yi wa mai gyangyaɗi aiki.

Babansa ne ya ba shi ita da zai shiga makaranta. Shekarar da aka hana yara zuwa da wuƙa, malamai suna bin aji-aji suna karɓewa, shi ya zura tasa a cikin safa, ya wuni yana ɗingishi. Tun daga nan ba ta kwana nesa da shi ba. Da ita yake yanke igiya, da ita yake tsaga gora ya yi wa yara abin wasa, da ita yake farke cikin kifi, da ita yake buɗe buhun taki. Washi ya cinye ta har ta zama siririya kamar ganyen gora, babban yatsansa kuwa ya yi kanta daidai inda wutsiyan yake zama.

Amma inda aka fi saninsa shi ne wajen yi wa itacen lemo aure. Gonakinmu hawa-hawa suke a jikin tudu, suna kallon teku, kuma da wuya ka sami gonar da babu hannun Tomeji a ciki. Yanka ɗaya yake yi, ya tsaga, ya soke reshen, ya ɗaure, sai ya wuce na gaba. Bai taɓa karɓar komai ba sai shayi, ko ɗan kofin giyar shinkafa in aikin ya kai yamma.

Matarsa Fusae takan ce ita ɓawon tuffa ne ya yaudare ta. Ranar da aka kawo shi ganinta gidan iyayenta, ya zauna kamar an dasa shi, ko kalma ɗaya ta kasa fita. Da shirun ya yi yawa sai ya ɗauki tuffa daga faranti, ya fiddo wuƙar, ya fere ta da ɓawo ɗaya dogo bai tsinke ba, ya yayyanka, ya tura mata farantin ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Da na san da ita kake yanke farcen ƙafa, da ban ci ba," takan ce masa ko bayan sun tsufa.

"Ai ina gogewa a wando."

"Wandon da kake zuba taki da shi?"

"To ga shi kin ci fiye da shekara hamsin, ko ciwon ciki ba ki taɓa yi ba."

Abokinsa Genzo, wanda suka zauna benci ɗaya tun firamare, shi ma bai bar shi ya huta ba. "Tome, ranar da ka mutu sai an nemo ƙarfe an ɓamɓare hannunka daga aljihun nan."

"Kai dai ka riga ni, in feƙe maka allon kabari kyauta."

A bara da kaka, jini ya ɗan buge shi. Bai kwantar da shi ba. Ya kwana biyu a asibitin babban gari, ya dawo a jirgin fito da ƙafarsa, bakinsa garau. Abin da ciwon ya tafi da shi kaɗan ne: ƙarfin babban yatsan dama. Wani ba zai ma lura ba. Amma wuƙar ta lura. Wata rana yana fere tuffa a bakin ƙofa, yatsan ya zame, kaifin ya rufe a kan 'yan yatsunsa biyu har ƙashi. Fusae ta naɗe hannun da tawul, tawul ya jiƙe, ta sake wani. Sai da aka yi masa ɗinki. Likita ya ce maganin da yake sha yana hana jini tsayawa da wuri, a kiyaye.

'Yarsu Sachie ta zo daga Hiroshima a ƙarshen mako. Ta ja uwar zuwa kicin, ta rage murya.

"Mama, ki ɗauke ta."

"Ki ɗauke da kanki mana, in kin isa."

"Ni gobe zan koma. Ke kike nan. In ya yanke a can saman gona, shi kaɗai, wa zai ji shi?"

"Ba zai ba ni ba. Ko ya ba ni, kafin yamma ya karɓe."

"To kar ki tambaye shi. Ki ce ta faɗi."

Fusae ta yi kwanaki tana juya maganar. Tawul ɗin nan mai jini ne ya ƙi barin idonta. Wata yamma Tomeji yana cikin wanka, wandonsa na rataye a ƙusa, ta sa hannu a aljihu. Tagullar da ɗumi har lokacin. Ta buɗe akwatin katakon da suke ajiye shinkafa, ta tura ta can ƙasa har hannunta ya nutse zuwa gwiwa. Ta zaɓi shinkafa ne don kar ta yi tsatsa. Ko a lokacin ba ta so wani abu ya sami wuƙar.

Da safe ta ji shi yana zazzage wando, yana ɗaga tabarmi, yana leƙa cikin takalma.

"Maman Sachie, ba ki ga wuƙata ba?"

Ta ci gaba da motsa miya, bayanta gare shi. "Jiya ba ka hau gona ba? Ƙila can ta faɗi."

Ta yi zaton zai yi faɗa, ya zarge ta, su yi ta kai ruwa rana har ta gaji ta fiddo. Ta ma shirya amsoshinta. Amma bai zarge ta ba. Hannunsa a cikin aljihun da babu komai, ya ce a hankali, "Haka ne. Na hau."

Wannan yardar ce ta fi komai cin ta daga baya.

Daga ranar ya fara hawa gona nema. Ba girbi ba, ba shara ba, nema kawai. Yakan bi hawa-hawan ɗaya bayan ɗaya da sanda, yana tone busasshen ganye, yana leƙa tsakanin duwatsun katanga. Genzo ya ɗauki manjagara ya bi shi sau da yawa, yana mita.

"Tsofaffi biyu suna tonon ƙasa kamar kaji. Bari in saya maka sabuwa mu huta. Har yanzu ana ƙera su."

"Wanda ya yar da ta shekara saba'in, me zai yi da sabuwa? Ita ma yar da ita zan yi."

Sachie ta aiko masa da abin fere tuffa na roba, wanda ko yaro ba zai yanke da shi ba. Ya yi godiya a waya, ya ajiye a kan taga, bai sake taɓa shi ba.

Abin da Fusae ba ta hango ba shi ne inda zai ɗora laifin. A kansa ya ɗora. Ya fara duba murhu sau biyu, ko ya kashe. Ya fara tambayarta ko ya sha magani, alhali ya sha a gabanta. Da maƙwabci ya zo neman alkawarin auren lemo na bazara, sai ya ce a nemi wani. Wata rana suna shan shayi ya ce, yana ɗan murmushi, "Kaina ya fara yoyo, Maman Sachie. In na fara manta sunanki, ki yi haƙuri da ni."

Akwatin shinkafar yana bayansa, taku biyu. Ta buɗe baki. Sai idonta ya faɗa kan tabon ɗinkin da ke yatsunsa, ja har yanzu. Ta ce, "Shayinka zai huce." A ranta ta ce bari yatsan ya ƙara ƙarfi, bari sanyi ya wuce, da bazara sai ta ce ta tsince ta a bayan kabad.

Bai kai bazara ba. Genzo ne ya same shi da hantsi a hawa na sama, zaune ya jingina da itacen lemon da ya fara yi wa aure yana saurayi, sandarsa a kan cinya. Likita ya ce bugun jinin ne ya dawo, kuma ko a kan shimfiɗarsa yake da ya same shi. Kowa ya maimaita wa Fusae wannan. Ta gyaɗa kai ga kowa.

Da la'asar aka kwantar da shi a babban ɗaki, kansa wajen arewa, farin ƙyalle a fuska. Ma'aikacin jana'iza, mutum mai ladabi da baƙar riga, ya buɗe jakarsa ya fiddo 'yar wuƙar tsaro da ake ɗora wa mamaci a ƙirji don ta kare shi a hanya. Tana cikin kube mai ado, sabuwa fil, mara nauyi. Ya ɗora a kan bargo, tsinin yana kallon ƙafa.

Genzo, da yake zaune kusa da ƙofa, ya dubi wuƙar ya sunkuyar da kai. "Ko tuffa wannan ba za ta fere ba," ya ce, ba da kowa ba. "Da mun samo maka taka, Tome. Saura hawa biyu ne ba mu tone ba."

Fusae ta tashi ta shiga kicin. Da ma aikinta ne ta dafa ƙwaryar shinkafar da ake ajiye wa mamaci a wajen kai. Ta buɗe akwatin. Watanni ke nan tana ɗiba daga sama-sama, tana ƙara sabuwa tun kafin ta yi ƙasa, don kar hannunta ya kai can. Yau ta naɗe hannun riga ta tura har gwiwa.

Sachie ta shigo ta gan ta riƙe da wuƙar, farin garin shinkafa a kan tagullar. Ta rufe ƙofa da sauri.

"Mama, don girman Baba, ba yau ba. Ɗakin cike yake da mutane. Kawu Genzo ya yi wata da watanni yana tone tudu."

"Shi ya sa."

"To ki ce yanzu kika gan ta a bayan kabad. Ni ce na sa ki, ni ya kamata…"

"Ke kin faɗa ne kawai. Hannuna ne ya shiga aljihun." Ta goge wuƙar da gefen rigarta. "Gobe za a ƙona gawarsa bisa al'ada, Sachie. Yana tsammanin kansa ne ya lalace. Ba zan bar shi ya tafi da wannan ba."

Ta koma ɗakin, ta durƙusa a gefensa. Ta ɗauke mai adon ta miƙa wa ma'aikacin da hannu biyu, tana ba shi haƙuri. Ta ɗora ta Tomeji a wurin. Ba da mutanen ɗakin ta yi magana ba, amma ba ta rage murya ba.

"Baban Sachie, ga wuƙarka. Ba ka yar ba. Ba ka taɓa yar da ita ba. Ni na ɗauke kana wanka, na sa a cikin shinkafa. Kanka lafiyarsa ƙalau."

Wata tsohuwa ta ja numfashi. Genzo ya matso da gwiwoyinsa, ya sa hannu ya juya wuƙar.

"Tsinin wajen ƙafa ake sawa, Fusae," ya ce. "Ka ji ko, Tome? Kullum a kanta ake ɗibar maka abinci, mu kuma muna can muna tonon ƙasa."

Bai ce ya yafe mata ba, ita ma ba ta nema ba. Amma shi ya karɓi ƙwaryar shinkafar daga hannunta da ta dahu, ya soka tsinken cin abinci a tsakiya, ya ajiye a wajen kan abokinsa.

Washegari, kafin a rufe akwatin gawa, ma'aikacin ya sunkuya ya raɗa mata cewa ba a sa ƙarfe a wutar ƙona gawa. Ta sani. Ya ɗauke wuƙar ya miƙo mata, ta karɓa. Wannan karon tagullar da sanyi.

Tana wajenta har yau, a aljihun rigar aikinta. Kowace safiya takan zauna gaban hotonsa ta fere tuffa ɗaya ta ajiye masa. Yatsanta bai saba da wutsiyan ba, ɓawon yakan tsinke mata sau uku ko huɗu. Idan ya tsinke takan dubi hoton, kamar mai jiran ya yi mata tsiya, sannan ta danne ƙarfen ta ci gaba.