Ina Zan Buga Hatimi?

Ni aka ɗora wa aikin zaɓo wa ƙungiyarmu ta manoma manhajar adana takardu, don kawai ni ne sakatare. Ɗakin fayil na ofishinmu a Gusau ya cika har gara ta fara ci, kuma duk takardar da reshen Tsafe ko na Bungudu ya nema, sai na hau mota na kai da kaina.

Damina guda na ɓata ina gwaji. Wata ba ta buɗuwa sai da intanet mai ƙarfi, alhali a Bilbis sai mutum ya ɗaga waya sama yana yawo kafin saƙo ya shigo. Da ƙyar na samu wadda ke aiki ko babu sabis.

Ranar da na nuna wa shugabanmu, wani dattijo mai haƙuri, ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar, sannan ya ce, "Madalla, Malam. To, ina zan buga hatimi?"

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Ya gyaɗa kai, ya ce shi dai takardar da hannunsa bai taɓa ba, bai san da zamanta ba.

Yanzu duk abin da rassa suka turo sai in fitar a takarda, ya buga hatimi, in ɗauki hotonta in mayar cikin manhajar, sannan in jefa takardar a fayil. Makon jiya muka kira kafinta ya ƙaro mana kabad.