Ranar da Aka Ce wa Kalangun Baba "Baya!"

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, na ɗauko mahaifina na kawo shi wurina a Harlem. Mutumin da ya tsufa yana kaɗa kalangu a gidajen biki, sai ga shi daga masallaci sai bakin taga. Abinci ma sai na yi da gaske. Wallahi tsoro nake kada shi ma ya bi ta.

A gabashin unguwar akwai wani lambu na 'yan Puerto Rico, da ɗan ɗakin katako a ciki. Da can juji ne, su suka share shi da hannunsu bayan gidajen layin sun ƙone. Duk Lahadi da rani tsofaffinsu kan fito da ganguna da ƙaho su yi kiɗan salsa, mata na soya ayaba, jikoki na rawa. Maƙwabcinmu na cikinsu. Ya daɗe yana aikin gareji da Hausawa 'yan Zango, har ya iya "sannu" da "ina kwana". Shi ya ja Baba can da kalangunsa, ni kuwa har da hamdala.

Kafin la'asar Baba ya dawo, ya cusa kalangun a akwati.

"Uwata, nema min jirgi. Gida zan koma."

Gida wajen wa? Ba mai ko dafa masa ruwan zafi a can. Da ƙyar ya faɗa min abin da ya faru. "Ina fara kiɗa suka hau ɗaga hannu suna ihu, 'Baya! Baya!' Har da abokin nawa, ashe Hausar tasa ta kai nan. Da furfurata a kore ni a gaban yara?"

Kai! Lahadi na zagayowa na taso daga aiki, ko rigar aikin ban cire ba, na faɗa lambun nan ina huci. Na tsayar musu da kiɗa, na zazzage musu Turancin da ni kaina ban san na iya ba.

Da maƙwabcin ya gane zancen, sai ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye. Ashe a yarensu, in makaɗi ya burge su, abin da suke cewa ke nan, kamar mu ce "sai kai!" Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "'Yata, a titunan nan salsa ta girma, amma gangar daga wajenku kakanninmu suka zo da ita. Mu kore shi?" Su a zatonsu warin naman alade ne ya kore shi, har sun matsar da wurin gasa naman can ƙarshen lambu. Kunya ta kama ni, amma sanyin da na ji a ƙirjina ya fi kunyar.

Da na ba Baba labari sai ya ce, "To su mutanen nan, in za su ce gaba fa, me suke cewa?" Rabona da jin dariyarsa tun Mama na da rai.

Ba a sake maganar jirgi ba. Har yau in na tuna yadda kalma ɗaya ta kusa raba ni da shi, sai in ce Alhamdu lillahi da na je na yi masifar nan. Yanzu in miyata ta yi daɗi, Baba kan ɗaga hannu ya ce, "Baya, uwata!" ya miƙo kwano a ƙara masa.