Talotalon da Bai Kai Tebur Ba

Na manta abubuwa da yawa, har da rabin karatun da na sha wahala a kansa, amma ranar da na hallaka wa wata tsohuwa talotalon Nowel, wato Kirsimeti, ba na jin za ta taɓa fita daga raina.

Lokacin na gama digiri na biyu a ilimin sinadarai, ina koyon aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, ina zaune a gidan wata tsohuwa Bafaranshiya a Lyon. Madam nake ce mata. Mijinta ya rasu, ɗanta tilo yana Paris, kuma ya ƙudura kai ta gidan tsofaffi, wai idan ta faɗi babu wanda zai sani. Ni, ina jin, ba na cikin lissafin mutane. Saura sati biyu Nowel kuwa ta faɗi, ta karya hannu.

"Idan ya zo ya tarar da talotalo a tebur kamar kowace shekara, zai san ina nan da ƙarfina," in ji ta. "Ke ki gasa, ni in karɓi yabo."

Na ce to, wataƙila zan iya. Na tafi Paris wurin gwaggona mai sayar da atamfa a unguwar Goutte d'Or, ta raka ni wurin mahauci Musulmi. Ta juya tsuntsun kamar mai duba jabun atamfa.

"Mutum nawa za su ci wannan raƙumin?"

"Huɗu, Gwaggo. Madam, ɗanta, matarsa, da ni."

"A rufe ƙofa?"

"Kamar haka al'adarsu take."

"Wannan salla ce ko takaba?"

Ta cusa mini tsaki, busasshen zogale, ƙuli-ƙuli da kilishi a jaka, wai kada yunwar Turawa ta kashe mata ɗiya.

Kwana uku ina karatu a kan gashin talotalo, abin da ya tsaya mini a rai kuwa ƙwayoyin cutar da ke laɓewa a naman da bai dahu ba. Ranar Nowel da safe na sa shi a tanda. Bayan awa biyu na tsaga cinya in duba. Kamar akwai ja. Na tsaga ɗayar, don mai ilimi ba ya yanke hukunci da gwaji ɗaya. Kafin ƙarfe sha ɗaya na yi gwaji har babu sauran abin gwadawa. Sai na koma ga abin da hannuna ya sani: na zuba mai, na soye shi ƙayau kamar naman layya.

Madam ta leƙo, ta dubi tulin soye, ta nemi kujera.

"Ɗiyata, in fara haɗa akwati?"

Na kira Gwaggo a waya, na gaya mata. Sai da ta yi dariya ta ƙoshi.

"Kai, boko ya yi rana! To naman salla dai ya samu. Raba wa maƙwabta, ba a cinye shi a ɗaki. Ku kuma ki turara muku dambu."

"Gwaggo, nan ba a buga ƙofar mutum sai da alkawari."

"Buga. In sun kira ƴan sanda, su ma ki zuba musu."

Haka na bi benen da muke ciki hawa-hawa da farantan Madam, ina ba da nama ina ba da haƙuri, ga mutanen da takun sawunsu kawai na sani. Wani tsoho ya tambaye ni nawa ne. Na ce kyauta ce daga Madam, ta karye ne, ba ta iya hawowa. Ya dube ni kamar na zo da sammaci.

Ƙarfe ɗaya ɗan ya iso da matarsa. A inda talotalo ya saba zama, dambun zogale ne ke tururi, kilishi na gefensa. Matar ta ɗanɗana da bakin cokali, irin ɗanɗanon mai neman guba. Shi kuwa ya gyara murya.

"Mama, kin ga abin da nake faɗa miki..."

Aka danna ƙararrawa. Tsohon nan ne, ya dawo da faranti da cuku a kai. Ashe su ma ba sa mayar da kwano wayam, ba a dai taɓa kai musu ba ne. Bayansa wata ta zo da kek, tana faɗa don me ba a gaya mata karayar ba, ta ce a ba ta makullin gidan ɗaya, ta riƙa leƙo Madam. Kafin la'asar kujeru sun ƙare, dambu ma ya ƙare.

"Duk waɗannan kin san su?" ɗan ya tambaya.

"Ai kullum haka muke," in ji Madam, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Takardun gidan tsofaffi da ya zo da su, a jakarsa suka koma Paris.

Ba zan ce kowa ya yayyanka talotalonsa ba, don gwaji ɗaya ne na yi. Amma na koyi cewa ba tsuntsun da ke kan tebur ke riƙe tsohuwa a gidanta ba, farantin da ya fita ya dawo ne. Madam ta yarda da wannan. Wuƙa dai ba ta sake ba ni ba.